Fitilun agogunan jirgin ruwana sun daina kamawa, daga ina zan fara bincike?

Wani mai jirgin ruwa daga Yawuri ya aiko da tambaya. Ya ce jirginsa na faiba ne, ya saye shi na hannu a Legas, asalinsa kuma daga Amurka aka shigo da shi, sannan bayan an kawo shi tafkin Kainji aka ɗora masa injin Yamaha. A gaban sitiyari akwai agoguna shida, kuma dukansu suna aiki, domin allurar mai da ta gudun inji da ta batir suna motsi yadda ya kamata. Abin da ya dame shi shi ne fitilun da ke haskaka fuskar agogunan sun mutu gaba ɗaya, alhali jar fitila da koriya na gaban jirgi suna kamawa. Kafin su mutu sun yi makonni suna ƙyaftawa duk lokacin da jirgi ya daki igiyar ruwa. Ya canza ƙwan fitila biyu, bai ga wani canji ba, shi ne yake tambaya ko agogunan ne suka lalace.

Malam, da farko ka kwantar da hankalinka game da agogunan, domin ba na zaton ko ɗaya daga cikinsu ya lalace. A irin waɗannan agoguna masu allura, fitilar da ke ciki hanyarta daban take da hanyar allura, abin da suka haɗa kawai shi ne gida ɗaya da kuma, a mafi yawan lokuta, wayar nagetib ɗaya. Haka nan ka dakata da sayen ƙwai. Ƙwan fitila yana mutuwa ne ɗaya bayan ɗaya, wannan bana, wancan baɗi, saboda haka idan shida suka ɗauke a dare guda, hankali ya fi karkata ga abin da su shidan suke tarayya a kansa: fis ɗaya, makunni ɗaya, wayar da ke kawo musu wuta, ko wayar da wutar ke bi ta koma batir. Ƙyaftawar da ka ambata kuwa babbar shaida ce, domin fis ba ya ƙonewa ya dawo da kansa, amma bakin waya da ya saki ko ya ci tsatsa haka yake yi, ya taɓa ya rabu, ya taɓa ya rabu, har ranar da zai rabu ke nan.

Akwai bambanci guda tsakanin mota da jirgin faiba da ya kamata ka riƙe, domin shi ne yake ɓatar da rewaya da yawa da suka saba da aikin mota. A mota, jikin motar kansa ƙarfe ne, kuma ta cikinsa wuta take komawa batir, don haka waya ɗaya ta ishi fitila. Faiba da katako ba sa ɗaukar wuta. Kowace fitila a jirginka tana da wayar zuwa da wayar dawowa, kuma wayoyin dawowar duka suna taruwa a kan wata 'yar sandar ƙarfe mai jerin sukurori da ke ƙarƙashin dashbod, daga nan wata waya mai kauri ta kwashe su zuwa kan batir na nagetib. Ko a jirgin ƙarfe ko na alminiyom ma ba a yarda a mai da jikin jirgi hanyar dawowar wuta ba, saboda yin hakan yana cinye ƙarfen a cikin ruwa. Ma'anar wannan ita ce rabin hanyar da za ka bincika tana bayan ƙwan ne, kuma wanda ya tsaya ga tambayar ko wuta tana zuwa, ya manta da tambayar ko tana komawa, ya yi rabin aiki ne kawai.

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, yi gwaje-gwaje biyu da ba sa buƙatar kayan aiki. Na farko, ka tabbata kana kunna makunnin da ya dace, ta ɓangaren da ya dace. A yawancin ƙananan jiragen Amurka, fitilun agogo ba su da makunnin kansu, an rataya su ne a kan makunnin fitilun tafiya, wanda yake da matsayi uku: tafiya, kashe, da tsayuwa a kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don jirgi ya tsaya wuri ɗaya. Idan ka danna shi ɓangaren anka, farar fitilar sama kaɗai ke kamawa, agoguna kuma su zauna cikin duhu, kuma haka aka tsara shi. A wasu jiragen kuma sai an murɗa ki sannan fitilun su samu wuta. Ka kuma duba ko akwai wani ɗan abin murɗawa na rage haske a gefen dashbod, domin na sha ganin an murɗe shi har ƙarshe a wajen goge-goge, mai jirgi bai ma san da zamansa ba. Hasken waɗannan ƙwai kaɗan ne ƙwarai, da rana ba a ganinsa, don haka ka yi gwajin da magariba, ko ka lulluɓe kanka da dashbod da baƙin ƙyalle.

Gwaji na biyu ya fi na farko ba da labari. Murɗa ki ba tare da ka tayar da inji ba, ka bar allurai su tsaya a inda za su tsaya, sannan ka kunna makunnin fitila idanunka a kan allurar mai da ta batir. Idan allurar mai ta yi tsalle, ko ta batir ta faɗi sosai, ko duk allurai suka gusa tare, to wuta tana isa ƙwai amma ta rasa kyakkyawar hanyar komawa, shi ya sa take kutsawa ta cikin agoguna tana neman mafita, kuma matsalarka tana wayar nagetib. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa alhali agoguna suna aiki shi ne allura wuta kaɗan take ci, har mahaɗa mai tsatsa tana iya wadatar da ita, amma da zarar an ɗora mata nauyin ƙwai shida sai ta kasa. Idan kuwa allurai ba su ko motsa ba, to mafi kusa wutar ba ta ma isowa ƙwai, sai ka mai da hankali ga ɓangaren fozitib. Bisa bayanin da ka bayar, ina kyautata zaton wannan na biyun za ka gani.

Yanzu sai kayan aiki. Kana buƙatar mitar awon wuta, da testa mai ƙwan fitila na gaske a cikinta, da waya mai tsawon kamar mita biyu mai maƙali a kowane baki, wadda ka sa wa fis na amfiya 5 a tsakiyarta, da tocila, da ɗan madubi. Ka cire zobe da agogon hannu, domin batir mai volt 12 ba ya jan mutum, amma yana iya tura ɗaruruwan amfiya ta cikin zobe ya mai da shi garwashi a yatsa. Ka buɗe duk murafe iska ta shiga, ka sunsuna ƙasan jirgi, kada ka taɓa waya matuƙar kana jin warin fetur, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi. Duk lokacin da za ka kwance noti ko ka yanke waya, cire kan batir na nagetib tukuna, ka mayar da shi sai za ka yi awo.

Fara da batir, ko da yake ba na zarginsa. Batir mai cikakken caji da ya huta yana nuna kusan volt 12.6, idan ya sauka 12.2 ya kai rabi, kuma idan inji yana aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Wannan awo na ƙarshe yana da amfani a nan, domin shi ne yake tona hanya ɗaya tilo da ƙwai shida za su iya ƙonewa kusan lokaci guda. Idan abin daidaita caji na inji ya lalace, wuta ta haura volt 15 ko 16, ƙwai ne suke fara biyan kuɗin, tunda ƙarin kashi 5 cikin ɗari kawai a kan wutar da aka yi ƙwai dominta yana rage kwanansa da kusan rabi. Amma da hakan ne ya faru, da sababbin ƙwai biyun da ka sa sun kama, ko da na ɗan lokaci ne.

Daga nan sai ka leƙa bayan dashbod. Idan masu gyara ba su dagula wayoyin ba, launinsu zai yi maka jagora, domin masu ƙera jiragen ruwa a Amurka suna bin tsarin launi na ƙungiyar ABYC. A wannan tsari, shuɗiya mai duhu ita ce wayar fitilun agogo, shunayya ita ce wutar da ke zuwa idan an murɗa ki, ruwan toka ta fitilun tafiya ce ko ta agogon gudun inji, ruwan hoda ta agogon mai ce, shuɗiya mai haske ta ƙarfin man inji ce, ja ita ce fozitib, nagetib kuma baƙa ce ko rawaya. A bayan kowane agogo za ka ga haruffa kusa da ƙafafunsa. A agogunan Amurka irin na Faria da Teleflex, I wutar ki ce, S wayar da ke kawo saƙo daga tanki ko inji, G nagetib, ƙafar fitila kuma ko dai an rubuta mata L ko kuma tana fitowa daga gidan ƙwan kai tsaye. Idan agogunan VDO ne na Jamus, ka yi hattara, domin a wurinsu G na nufin wayar saƙo, kuma wanda ya ɗaura mata nagetib zai ga allura ta ruga ƙarshe ta tsaya.

A nan ne jirginka yake da tarko na musamman, kuma shi ya sa na lura da batun injin da aka ɗora daga baya. A tsarin Yamaha, rawayar waya ita ce fozitib mai zuwa idan an murɗa ki, baƙa nagetib, koriya ta agogon gudun inji, shuɗiya ta fitila. Ke nan a ƙarƙashin dashbod ɗaya kana iya samun rawaya biyu, ɗaya nagetib ce ta jikin jirgi, ɗaya fozitib ce ta inji. Kada ka haɗa waya da waya don launinsu ya zo ɗaya, sai ka auna kowace da mita ka san abin da take ɗauke da shi. Ka kuma duba da kyau inda wanda ya ɗora injin ya yi haɗe-haɗensa, domin a jirgin da aka sauya wa inji, wurin da hannun mutum ya taɓa daga baya ya fi wurin da kamfani ya haɗa saurin lalacewa, musamman idan murɗa wayoyi aka yi da hannu aka naɗe da salatif.

Gwajin da zai raba maka gardama cikin minti ɗaya shi ne na wayar nan mai fis. Maƙala baki ɗaya a kan fozitib na akwatin fis, ka taɓa ɗayan a ƙafar fitila ta kowane agogo. Idan duk fitilun suka kama, ka wanke ƙwai, ka wanke wayoyin da ke tsakanin agoguna, ka wanke nagetib, laifi ya rage tsakanin makunni da agogon farko. Kada ka firgita idan fitilun gaban jirgi suka kama tare da su, wutar ce ta bi shuɗiyar waya ta koma baya, kuma hakan ma labari ne, domin yana nuna wayar ba ta yanke ba. Idan wasu suka kama wasu suka ƙi, to yankewar tana tsakanin agogo na ƙarshe mai haske da na farko mai duhu, saboda ana jona fitilun ne kamar jerin raƙuma, waya ta tashi daga wannan ta faɗa wancan. Idan babu wanda ya kama, sai ka ɗauki wata waya daga kan batir na nagetib ka taɓa ƙafar nagetib ta agogo, idan haske ya zo ka san inda za ka nufa. Idan kuwa fis ɗin wayar gwajin ya ƙone nan take, akwai inda shuɗiyar waya ta goge ta haɗu da nagetib, ko wani gidan ƙwai ya narke a ciki, sai ka riƙa zare agoguna ɗaya ɗaya daga jerin har fis ya daina ƙonewa.

Mu ɗauka duk sun kama, kamar yadda nake tsammani. Bi shuɗiyar wayar daga agogon farko zuwa inda ta fito. Idan ta kai ka makunnin fitilun tafiya, za ka ga yana da ƙafafu shida ko fiye a bayansa, biyu na tsakiya su ne ke karɓar wuta, sauran su rarraba ta. Tunda jar fitila da koriya suna kamawa, fis ɗin wannan layi lafiyarsa ƙalau, ɓangaren makunnin da ke ciyar da su ma yana aiki, kuma a mafi yawan jirage shuɗiyar waya goyo take a kan ƙafa ɗaya da ruwan tokar da ke zuwa gaban jirgi. Wannan goyon shi ne wurin da na fi zargi a jirginka. Bakin waya irin mai zurawa yana sakin jiki da girgiza, danshi ya shiga, tsatsa kore ta taru, har ya zama a ido yana zaune daram alhali ba ya wuce da wuta. Ja kowace waya a hankali da yatsu biyu, wadda ta zare cikin sauƙi ko ta tsinke a wuyanta ta tona kanta. Idan kuwa fitilun agogo suna da makunninsu daban, to suna da fis ko bireka nasu daban, sai ka auna wuta a ɓangarorin fis ɗin biyu yana zaune a gidansa, domin fis na gilashi yakan yanke a can ƙarƙashin hularsa inda ido ba ya gani, kuma maƙalan gidan fis sukan yi tsatsa fis ɗin yana da rai. Abin rage haske, idan akwai shi, ka tsallake shi da wayar gwaji daga ƙafa zuwa ƙafa, tsofaffin irinsa zaren waya ne a naɗe a ciki, kuma danshi yana cinye shi.

Bari in tsaya a kan abin da ya fi yaudarar masu bincike, wato mitar zamani mai nuna lamba. Wannan mita kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, turjiyar cikinta takan kai om miliyan 10. Saboda haka idan akwai mahaɗa mai tsatsa da turjiyarta ta kai om 1,000 a kan hanya, kuma ka zare waya daga ƙwai ka auna bakinta, mita za ta nuna maka volt 12 cif, ka rantse wuta tana zuwa. Amma wutar da za ta iya ratsa wannan mahaɗa ba ta wuce amfiya 0.012 ba, alhali ƙwai ɗaya mai lamba 194 yana buƙatar kusan amfiya 0.27, shida kuma fiye da amfiya ɗaya da rabi. Shi ya sa na ce ka nemi testa mai ƙwai na gaske, domin ita tana ɗora wa layi nauyi, idan hanyar ruɓaɓɓiya ce sai ta ƙi kamawa ko ta yi ja-ja. Idan da mita za ka yi aiki, ka bar komai a jone, makunni a kunne, sannan ka auna. Hanya mafi inganci ita ce ka ɗora tsinken mita ɗaya a gaban mahaɗa, ɗaya a bayanta. Mahaɗa mai kyau ba ta cin fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na volt, wadda ta nuna volt da yawa a tsakanin bakinta biyu ita ce ɓarauniyar. Haka za ka yi wa ɓangaren dawowa, tsinke ɗaya a ƙafar nagetib ta agogo, ɗaya a kan batir na nagetib, kuma duk abin da ya haura rabin volt yana buƙatar gyara. Ma'aunin ABYC ya yarda da asarar kashi 3 cikin ɗari kawai a layukan da rai ya rataya a kansu, irin su fitilun tafiya, wanda a tsarin volt 12 bai wuce volt 0.36 ba, sauran layuka kuma kashi 10.

Na taɓa ɓata rabin yini a kan wani jirgi mai irin wannan ciwo saboda na gaskata mita. Ko'ina na auna volt 12 nake gani, makunni lafiya, fis lafiya, ƙwai sababbi. Sai da na gaji na ɗauko testa, ta kama a ƙafar makunni ta ƙi kamawa a ɗaya bakin wayar da tsawonta bai kai kamu uku ba. Da na fere robar, jan ƙarfen da ke ciki ya zama baƙi ƙirin, yana marmashewa kamar busasshen ganye, alhali daga waje wayar tana sheƙi. Ruwa yana shiga waya ta bakinta ya riƙa bin tsakanin siraran zaruruwa, ya ci ta daga ciki. Jirginka ya zauna a ruwan Legas mai gishiri kafin ya zo ruwan daɗi, kuma gishirin da ya riga ya shiga waya ba ya fita, duk damina idan iska ta yi danshi sai ya ci gaba da aikinsa. Idan ka fere waya ka ga baƙi, ci gaba da yankewa baya har ka iske jan ƙarfe mai haske, idan ba ka iske shi ba ka sauya wayar dukanta. Ka kuma haska tocila cikin lungunan dashbod, domin ɓera yana son robar waya, zanzaro kuma yana son gina gidansa a bayan makunni, kuma laka tana riƙe danshi a daidai inda ba a so.

Game da ƙwai biyun da ka canza, akwai abin dubawa. Yawancin waɗannan agoguna suna amfani da ƙaramin ƙwai mai gindin gilashi da ake cusawa, mai lamba 194 ko 161, a cikin gida da ake murɗawa ko a ja a zare daga bayan agogo. Ƙwai mai rai yana nuna 'yan om kaɗan a mita idan yana da sanyi, matacce kuma ba ya nuna komai. Siraran wayoyi biyu da ke lanƙwashe a gindinsa sukan kauce, sai a miƙe su da farce. Wani gidan ƙwan waya biyu gare shi, wani kuma ɗaya ce, yana samun nagetib ta hanyar taɓa jikin agogo, kuma wannan na biyun tsatsa kaɗan a bakin ramin ta isa ta kashe shi. Idan sababbin da ka saya na LED ne, ka sani suna da gaba da baya, wanda ya ƙi kamawa a zare shi a juya shi a mayar. LED yana da amfani, wuta kaɗan yake ci kuma girgiza ba ta tsinka masa zare, sai dai tsohon abin rage haske ba ya iya sarrafa shi da kyau, kuma fari mai tsananin haske yana kashe wa matuƙi ido da dare har ya kasa ganin kututture ko kwale-kwalen masunta a gabansa. Ni ja ko ruwan goro marar ƙarfi nake zaɓa. Agogo mai allon lambobi kuma lissafinsa daban ne, haskensa a manne yake a ciki, wasu da maɓallin fuskarsu ake ƙara shi ko a rage, wasu kuma suna da shuɗiyar wayar da sau da yawa mai ɗora inji yake bari tana lilo ba a jona ta ko'ina ba.

Idan ka gano wurin, gyaran da za ka yi shi ne zai nuna ko za ka sake shiga ƙarƙashin dashbod baɗi. Yi amfani da waya mai zaruruwa da yawa, wadda aka shafe zarenta da kuza idan ka samu, kaurinta kada ya gaza na waya mai lamba 16 a ma'aunin Amurka, wato kusan milimita 1.5 a ma'aunin da aka saba sayarwa a kasuwa. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya a ciki ba ta da wuri a jirgi, girgiza tana karya ta. Bakin waya a matse shi da abin matsewa na gaskiya, ba da filaya ba, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, wadda take da gam a ciki, sannan ka ja shi da ƙarfi ka ga ko zai zare. Dalma ita kaɗai ba ta isa riƙe mahaɗa ba, domin tana sandarar da waya ta karye a daidai inda dalmar ta ƙare. Kankare ƙafafun makunni da sandar nagetib da samfefa mai laushi har su yi haske, ka ɗaure, sannan ka shafa ɗan giris na lantarki a kai don ya tare danshi. Kada ka tara bakin waya fiye da huɗu a kan sukuru ɗaya, kuma notin bayan agogo a ɗaure shi daidai kima, domin ƙafar tana iya juyawa ta tsinke siririyar wayar da ke ciki. Makunnin da tsatsa ta shiga cikinsa sauya shi ake yi, fesa masa mai na kwana biyu ne.

Fis kuma a mayar da mai lambar da aka samu. A irin na roba mai ƙafa biyu, launi yana faɗin lamba: ruwan ƙasa mai haske amfiya 5, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone, don haka wanda ya sa babba a gurbin ƙarami, ko ya naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli a madadinsa, ya mai da wayar kanta fis, kuma wayar tana kwance ne a cikin faiba kusa da tiyon fetur, a tsakiyar ruwan da ba a iya tsayawa a sauka a gudu.

Wani zai ba ka shawarar gajeriyar hanya, cewa a ɗauki 'yar waya daga ƙafar wutar ki zuwa ƙafar fitila a bayan agogo ɗaya, fitilu su riƙa kamawa duk lokacin da aka murɗa ki. Wannan yana aiki, kuma akwai jiragen da haka aka haɗa su tun asali. Amma idan za ka yi shi, wajibi ne ka cire tsohuwar shuɗiyar wayar daga makunni ka rufe bakinta. Idan ka bar ta, ka haɗa layin ki da layin fitilun tafiya ke nan, ranar da tsatsar ta sake taɓawa sai murɗa ki ya kunna fitilun gaban jirgi, kunna fitila kuma ya tura wuta cikin layin ki alhali ki yana kashe, abin da kan rikita na'urar inji ko ya zuƙe batir cikin dare. Ni dai na fi son a gyara layin asali, saboda layi ɗaya ne da fitilun da dokar ruwa ta ƙasa da ƙasa ta 1972 ta wajabta kunnawa daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, kuma tsatsar da ta ci ƙafar shuɗiyar waya tana tare da ruwan tokar da ke goye da ita. Idan ka buɗe bayan makunnin, gyara bakin wayoyin biyu a zama ɗaya, sannan ka sa wani ya riƙa bubbuga dashbod da tafin hannu fitilu suna kunne, kai kuma kana kallo, ka tabbata ba su ƙyafta ba kafin ka mayar da murfi.